Aika imel ga mutane da yawa ba tare da fallasa adireshinsu ba

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyarmu, kuma duk lokacin da na aika wa mambobi saƙo guda, kowa yana ganin adireshin kowa. Yaya zan hana hakan?

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, domin adireshin mutum amana ne a hannunka. Maimakon ka jera adiresoshin a gurbin mai karɓa, sai ka sa naka a wurin, ka zuba na mambobin a gurbin Bcc, wanda yake ɓoye su daga idon juna. Duk wanda ya mayar da amsa kuma, kai kaɗai za ta iske. Sai dai ka lura, asusun Gmail na kyauta ba ya barin a aika wa fiye da mutum 500 a rana.