Hasken tauraron da ka auna bai zo daidai da na kundi ba

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ka gyara alƙalumanka a rahoton gwaji tunda hasken tauraron da ka auna ya saɓa wa na kundin taurari da magnitud (ma'aunin hasken taurari) 0.3. Kada ka taɓa su. Rubuta abin da ka samu tare da iyakar kuskurensa, sannan ka bi sawun inda bambancin ya fito, don nan malami yake ba da maki. Fara duba tsayin tauraron lokacin ɗaukar hoton. In yana digiri 30 kawai sama da doron ƙasa, haskensa ya ratsa iska ninki biyu na wadda zai ratsa da yana tsakar ka, wannan kaɗai kan dusashe shi da kusan magnitud 0.2. Maganinsa ka kwatanta shi da wani tauraro da aka san haskensa a cikin hoto ɗaya.

Amma fa sai in ka rubuta komai a daren: lokaci, daƙiƙoƙin da kyamara ta buɗe, matatar hasken da ka sa, da zafin kyamarar. Hoton duhun (wanda ake ɗauka da kyamara a rufe) da za ka cire daga na tauraron dole ya yi daidai da na tauraron a daƙiƙa da zafi. Duba kuma fiksel, wato ɗigon hoto, mafi haske. Kyamara mai bit 16 ba ta ƙirga sama da 65,535. In ƙirgen fiksel ɗin ya kusa nan kyamarar ta cika, tauraron zai fito dushi-dushi fiye da gaskiyarsa. Irin wannan hoton a ajiye shi gefe, a faɗi dalili a rahoton.