Likita ya rubuta "OD", mai kemis ya fahimci wani abu daban: wa za a kama?

Malam, na karanta wasiƙarka, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce likita ya rubuta masa maganin ɗigawa na hawan jinin ido da "OD" a jiki, mai kemis a Sabon Gari ya ce sau ɗaya a rana ne, aka yi wata biyu a haka, ashe idon dama likitan yake nufi. Yanzu kana son kai likitan wurin 'yan sanda.

A ganina ka dakata. Rubuta "OD" shi kaɗai ba laifi ba ne. Likitoci da yawa na amfani da shi a ma'anar sau ɗaya a rana, likitocin ido kuma a ma'anar idon dama, wani wurin ma yana nufin an zarce ƙima wajen shan magani. Haka "BID": a takardar magani sau biyu a rana, a sashen gaggawa kuwa an kawo mutum ya riga ya cika.

Kotu sakaci take nema, da shaidar cewa sakacin ne ya jawo cutarwar. Don haka duba takardar da kyau. In akwai "BD" (wato sau biyu a rana, daidai da "BID") kusa da "OD", nauyin zai fi karkata kan mai kemis, domin layi ɗaya ba zai ce sau ɗaya kuma sau biyu ba. Kamata ya yi ya kira likitan kafin ya miƙa kwalbar. In kuma lasisinsa na ƙananan magunguna ne, ban ga dalilin da zai sa ya taɓa irin wannan takarda ba tun farko.

Mai wuyar ita ce cutarwar. Hawan jinin ido kan ci gani a hankali ko ana magani, saboda haka sai wani likitan ido ya kwatanta awon idon kafin da bayan wata biyun, ya yarda ya ba da shaida. Ba kowa ke yarda ba.

Adana takardar, kwalbar da rasit. Fayil ɗin asibiti kuwa sirrin majiyyaci ne a Dokar Lafiya ta 2014, Baba ne zai nema ko ya ba ka izini a rubuce. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci a Najeriya na iya ladabtar da likita, amma ba ta ba da diyya. In asibitin na gwamnati ne, akwai dokar da kan taƙaita shigar da ƙara zuwa wata 3, ko da yake kotuna sun yi togaciya a kanta. Kada ka bari lokaci ya ƙure.

Shawarata, lauya ya rubuta wa asibitin da mai kemis, a zauna sulhu kan kuɗin maganin Baba da awon da zai ci gaba da yi. A mayar da shi asibiti makon nan, a sa likita ya rubuta ido da adadin ɗigon da cikakkun kalmomi.