Amsa ga Hajiya kan wuraren da za su leƙa a Tamil Nadu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, na saurari saƙonki na jiya, inda kika ce za ku kai Baba asibiti a Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya, kuma bayan aikin za ku zauna kamar mako biyu kafin likita ya ba ku izinin dawowa, kina tambaya ko akwai inda ya kamata ku leƙa a wannan tsakanin. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi aikin cikin nasara.

Shawarata ita ce kada ku ɗora wa kanku zagaye jihar gaba ɗaya, domin Tamil Nadu jiha ce mai faɗi, kuma daga Chennai zuwa Kanyakumari, can ƙarshen kudancin Indiya, kusan kilomita 700 ne. Mutumin da aka yi wa aiki ba zai jure irin wannan tafiya ba, ke ma da kike jinya kina bukatar hutu.

A cikin Chennai kanta, ku je bakin teku na Marina da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi kuma iska ta fara kaɗawa. Za ku tarar da iyalai zaune a kan rairayi, masu gasa masara suna fifita garwashi, amma kada kowa ya shiga ruwan, domin igiyarsa tana ja da ƙarfi kuma an hana iyo a wurin. Ba nisa da nan, a unguwar Triplicane, akwai Masallacin Wallajah wanda aka gina da dutse a shekarar 1795, a zamanin sarakunan Musulmi na Arcot. Idan Baba ya samu ƙarfin jiki, can ya dace ya yi sallar Juma'a, kuma a unguwar ba za ku sha wahalar samun abincin halal ba.

Wurin da nake so ku ba shi yini guda shi ne Mahabalipuram, wanda yake kamar kilomita 60 kudu da Chennai, a kan hanyar da ke bin gaɓar teku. Sarakunan Pallava ne suka sa aka sassaƙa duwatsun wurin a ƙarni na 7 da na 8, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Lokacin da na raka mahaifiyata, na daɗe tsaye gaban wani faffaɗan dutse da aka sassaƙa giwaye a jikinsa, har da 'ya'yansu ƙanana a ƙarƙashin ƙafafun manyan, kuma aikin ya fi shekara dubu amma tamkar jiya aka gama shi. Akwai kuma gine-gine biyar da kowannensu aka fafe shi daga dutse, ba a ɗora tubali ko ɗaya ba. Har yau a bakin hanya za ki ji ƙarar guduma, masu sassaƙa suna zaune cikin farar ƙura suna aikinsu. Ki sani cewa yawancin abin da ke wurin na addinin Hindu ne, mu dai mun je ne don kallon tarihi da gwanintar hannu. Ku fita da sassafe, ku ɗauki ruwa da laima, domin inuwa ta yi ƙaranci a wurin.

Birnin Madurai da babban ɗakin bautarsa na Meenakshi tafiyar dare guda ce daga Chennai a jirgin ƙasa, garin Ooty kuma yana kan duwatsu sama da mita 2,000, da sanyi da gonakin shayi. Duka biyun suna da kyau, amma a ganina ku bar su sai wata tafiyar da ba ta jinya ba.

Duk inda za ku, ku fara neman amincewar likitan Baba. Ki kuma gaya mini watan da za ku tashi, domin daga Oktoba zuwa Disamba ne Chennai take samun ruwan sama mai yawa, har wasu titunan kan cika, a watan Mayu kuwa zafin yakan yi tsanani ƙwarai.