Motar da aka kawo min da zafinta

Wato ka ɗan tara abin da ka tara, kana tambayar wace tsohuwar mota za ka fara da ita wadda ba za ta cinye ka ba. Ajiye sifanar nan, yaro, ka zauna.

Maganar sunan mota ba ta da tsawo. Corolla mai injin 1.8, ta 2003 zuwa 2008, sarƙa ce a taimin ɗinta, wato abin da ke daidaita motsin fistin da bawul, hankalinka kwance. Civic mai injin 1.7, ta 2001 zuwa 2005, bel ce, in ta tsinke kana tafe fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Idan mai motar bai san ranar da aka canja ta ba, to ba a canja ba. Burki da taya kuwa ba zan ɓata bakina ba, in har yanzu ba ka iya duba su ba, me kake yi a garejin nan?

Abin da nake so ya shige maka kai shi ne, kada ka yarda a nuna maka mota da zafinta, wato an riga an tayar da injin ya yi zafi. Ni aka yi wa.

Wani mutum ne, shekara shida ina yi masa gyara, har bashi nake ɗaga masa. Ran nan ya shigo da mota da rana tsaka, ya ce zai sayar, ni ya fara tunawa. Inji na aiki luf, ko ƙara babu. Na zagaya ta sau ɗaya, na taka totur, na biya. Ni da nake faɗa wa mutane abin da ke damun motarsu tun kafin su buɗe bonet!

Washegari da asuba na murza makulli, sai da ta yi ta kakari kafin ta tashi, farin hayaki ya turnuƙe daga salansa, ya ƙi ɗaukewa. Na buɗe murfin baƙin mai, ƙasansa duk farin kumfa. Gaskit, wato abin da ke liƙe tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone tuntuni, ruwa na sauka cikin silinda in ta kwana. Ashe ya zuba maganin toshe yoyo a lagireto, ya ɗura mai mai kauri don ya danne bugun inji, sannan ya zagaya da ita ta yi zafi kafin ya iso. Har ƙwan fitilar gargaɗi ya cire daga dashbod. Da na murza makulli rabi na tsaya, da na ga fitila ɗaya ba ta kama ba. Girman kai ya hana ni.

Da na sauke kan injin, ban da lanƙwasa har da tsagewa. Wata huɗu tana kafe a can inda kake wanke hannu. Na same shi, ka san me ya ce? "Haba maigida, ai kai ne bakanike."

Ku yaran yanzu kuwa ko wannan wahalar ba sai an sha a kanku ba. A goge fenti, a sa rediyo mai allo, shi ke nan an gama da ku. Ka kalli bidiyo biyu a waya ka ɗauka ka zama gwani.

In ka samo motar, ka ce da sassafe za ka gani, ka riga mai ita isa, ka ɗora tafin hannunka a kan injin kafin kowa ya taɓa makulli. In ka ji ɗumi, juyo abinka. In da sanyi, kira ni, kada ka ba da ko sisi sai na shiga ƙarƙashinta.

Mutumin nan har yau yana wucewa ta nan yana ɗaga min hannu. Miƙo min sifana mai lamba sha biyu.