'Yata Na Buga Ƙwallo, Wace Makaranta Za Mu Zaɓa?

Tambaya: 'Yata ta gama sakandare, tana buga ƙwallon ƙafa, kuma tana son karanta ilimin kwamfuta. Ta yaya za mu zaɓi makarantar da wasa ba zai cinye mata karatu ba? Daga wata uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Hajiya, ku fara da kwas ɗin. Ku tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da shi, ko hukumar kula da ilimin fasaha, wato NBTE, idan kwalejin fasaha ce. Bayan nan ku taka da ƙafarku zuwa sashen wasanni da yamma, lokacin atisaye, ku ga ko akwai 'yan mata a fili sanye da takalman wasa, ba suna a takarda kawai ba. Ku tambayi koci sau nawa suke atisaye a mako, kuma ko sun taɓa zuwa gasar NUGA ta jami'o'i.

Inda aka fi samun matsala shi ne idan gasa ta ci karo da jarrabawa. Ku nemi sanin ko ana ba 'yar wasa takardar uzuri, don rashinta ne ke jawo maimaita kwas. Ku duba asibitin makarantar ma, saboda raunin jijiyar gwiwa ya fi yawa a mata. Batun hijabi kuwa, dokar ƙwallo ta amince da rufe kai tun 2014.