Amsa: Me "blast" ke nufi idan ba bam ba?

Ɗan'uwa, ka ce abokinka ya rubuto maka "we had a blast at the wedding", gabanka ya faɗi, ka ɗauka bam ya tashi a wurin bikin. Kwantar da hankalinka, cewa yake sun sha shagali. Ban ga laifinka ba, mu da kunnenmu ya saba jin kalmar a labaran tashin bam.

Asalinta a tsohon Turanci iska ce mai bugowa da ƙarfi. Daga nan ta koma ƙarar ƙaho, sannan fashewar nakiya. Shi ya sa rediyon da aka ƙure wa murya ake cewa yana "full blast", tashin roka kuma "blast off".

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kanun jaridu. In ka ga "Senator blasts minister", caccaka ce kawai ta fatar baki. Duba kalmomin da ke kewaye da ita tukuna: "had a blast" nishaɗi ne, "killed in a blast" kuwa fashewa ce ta gaske.

Idan takardar kotu ce ko rahoton tsaro, kai wa ƙwararren mai fassara, kada ka dogara da manhajar waya.