Kafin ka sayi sabon faifai don adana hoton ƙwaƙwalwar kenel

Tambaya: Malam, ina kula da wata saba mai Linux, RAM ɗinta gigabayit 128. Takan mutu haka kawai ta tashi da kanta, kuma ba ta barin wata alama a rubuce. An ce in kunna kdump. Sai na sayi faifan da ya kai girman RAM ɗin ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Wanda ya ba ka shawarar kdump ya yi daidai: tsari ne mai adana hoton ƙwaƙwalwa, wato kwafin abin da ke cikin RAM, idan kenel (zuciyar Linux mai sarrafa na'ura) ya faɗi. Yadda abin yake, tun lokacin da na'ura ke tashi ake keɓe wani ɗan yanki na RAM da umarnin crashkernel, a loda kenel na biyu a ciki ta hanyar kexec, dabarar tayar da wani kenel ba tare da an sake kunna na'ura ba. Da zarar na farko ya faɗi, na biyun zai karɓi ragama nan take kafin abin da ke RAM ya goge, ya karanto shi ta /proc/vmcore, ya rubuta shi, galibi a /var/crash. Wannan tsari yana cikin Linux tun 2005, a sigar 2.6.13.

Batun girma kuwa, makedumpfile, manhajar da ke tace hoton kafin a adana shi, ne ke raba gardama. Idan ka sa masa -d 31, zai watsar da shafukan RAM da ba kowa a cikinsu, da masu sifili zalla, da ajiyar wucin gadi, da bayanan manhajojin masu amfani, in ka ƙara masa -c kuma ya matse ragowar. Abin da ya saura na kenel ne kaɗai, kuma yakan yi ƙasa da girman RAM nesa ba kusa ba. Amma kar ka dogara da ƙiyasina. Nemi lokacin da ba mai aiki da sabar, ka kayar da kenel da gangan da umarnin echo c > /proc/sysrq-trigger, ka ga girman fayil ɗin da ya fito. Wannan gwaji na fi damuwa da shi, domin sau da yawa yankin da aka keɓe ne ke yin kaɗan, kenel na biyu ya kasa tashi, ba a sani ba sai ranar da ake buƙatarsa. A Red Hat Enterprise Linux 9, na'urar x86 da RAM ɗinta ya haura gigabayit 64 ana keɓe mata megabayit 512.

In wuri ya ƙi isa, kdump na iya tura hoton zuwa wata na'ura ta SSH ko NFS. Ka kuma tanadi fayil ɗin vmlinux, wato kwafin kenel mai alamomin bincike, wanda ya dace da sigar kenel ɗinka daidai, in ba haka ba manhajar crash ba za ta buɗe hoton ba.

Tambaya: Tamu sabar ba ta mutuwa, nauyi take yi da rana. Hoton ƙwaƙwalwa zai nuna mana dalili?

Amsa: Da wuya, 'yar'uwa. Hoton yana nuna halin da ake ciki a daƙiƙa guda ne, shi kuwa nauyi sai an bi shi na ɗan lokaci. Yi amfani da kayan bibiyar aikin na'ura kamar perf, wanda ya shiga Linux a 2009, ko bpftrace. Kyauta ne, kuma suna aiki na'ura na gudana. Sai dai in sabar ta daskare gaba ɗaya, a nan hoton zai nuna wane aiki ne ya riƙe makulli ya hana saura motsi.

Tambaya: Kwamfutata mai Windows tana yawan nuna shuɗin allo. Na ga tallar manhaja mai gano matsalar. In saya?

Amsa: A'a. Windows da kansa yana ajiye ƙananan hotuna a C:\Windows\Minidump, babban kuma sunansa MEMORY.DMP. Sauke WinDbg, kyauta ne daga Microsoft, ka buɗe fayil ɗin ka rubuta !analyze -v. Sau da yawa zai ambaci sunan direban da ake zargi, ka sabunta shi ko ka cire shi. In za ka tura wa wani ya duba maka, fara da ƙaramin, domin babban na iya ƙunsar kalmomin sirri da makullan ɓoye bayananka.